Tanti Mai Buɗe Kansa

Ba zan taɓa mantawa da tantin nan ruwan lemu ba, kuma ko na so in manta, 'yan unguwarmu ba za su bar ni ba. Har gobe in na sauka Ƙonni hutu, kafin in kai ƙofar gida sai wani ya ɗaga murya daga rumfar mai shayi yana tambaya ko na taho da ɗakina. Sai in yi kamar ban ji ba. Ina ji sarai, kuma na san muryar kowa.

Shekarar da na ci birbe ce, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Abokan karatuna duk sun kama gabansu, ni ina gida ina wankin kwanoni, ina jiran Baba ya yarda in tafi garin Tawa lakwal, wato makarantar aikin jinya. Babana mai motocin ɗaukar siminti ne daga Malbaza. Ba ya tsoron hanya, ba ya tsoron jandarma, ba ya tsoron taya ta fashe masa a tsakiyar daji. Abu ɗaya yake tsoro a duniya: a ambaci sunan gidansa a majalisa ana dariya. Sai Allah ya ba shi ɗiya irina, wadda maganarta ke riga tunaninta fita.

Ana nan sai aka nemi 'yan mata masu ɗan karatu su taya aikin ɗigon rigakafi ga yaran makiyaya, waɗanda ke saukowa gonaki da dabbobinsu bayan kaka, can bayan Badagishiri. Aikin 'yan kwanaki ne, a kwana inda dare ya yi. Maƙwabciyarmu Anti Hadiza, wadda ke aiki a gidan likita, ita ta sa sunana, ita kuma ta zo ta roƙi Baba. Da ta gama, ya dube ni.

"Ki tahi," in ji shi. "Gwaji ne. In kin dawo ban ji sunanki a bakin kowa ba, Tawa taki ce. In ko magana ta riga ki isowa ƙofar gidan ga, ki manta da Tawa, ki zauna ki taya Innarki tuƙin tuwo."

Na ce, "Baba, mi zan yi a daji har a yi magana?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Da alama ya fi ni sanina.

Anti Hadiza ta ce in rage kaya iya ragewa. Moto za mu hau, wato babur, kowace da direbanta da gilasiya, akwatin sanyi na magani, kuma inda yashi ya hana moto wucewa, a ƙafa za mu ƙarasa da kayanmu a ka. Ta shiga ɗaki ta ɗauko nata ta nuna mini: tabarma a naɗe, gidan sauro, zani biyu, buta. Shi ke nan, an ɗaure da tsohon ɗankwali.

Na tuntsire da dariya. Na ce, "Haba Anti, wannan ƙunshin ai na wadda aka saka ne, ta nufi gidan iyayenta!"

(Anti Hadiza ba ta daɗe da fitowa daga gidan miji ba. Na sani. Duk unguwa ta sani. Bakina ne kawai bai jira ni ba.)

Ba ta yi fushi ba. Ta mayar da ƙunshinta a hankali, ta ce, "To, 'yar lakwal. Tunda kin iya, ba ni ƙara koya miki komi."

Ni kuwa na riga na ga yadda ake yi. Na sha kallon Turawa a talho, wayar hannuna, suna hawan duwatsu da 'yar jaka a baya, da yamma su fito da ɗaki sukutum daga cikinta. Me zai sa ni, mai birbe, in kwanta a fili kunama ta zo ta gaishe ni? Da safe na nufi layin 'yan bosho a kasuwa, wurin Mamman, wanda in dai abu Bature ya taɓa amfani da shi ya yar, to yana rumfarsa.

Na faɗa masa sharuɗɗana: mara nauyi, mai rufuwa ruf, kuma wanda ba zai ɓata mini lokaci wurin kafawa ba, don ba ni da haƙurin ɗaure-ɗauren igiyoyi.

Ya fara jawo wani na tampol, kore, mai warin tsohon takalmi. Na gwada ɗagawa, ƙuguna ya ce ƙas. Na ce wannan sai da jaki. Ya jawo na biyu, mai sanduna a wata doguwar jaka. Ba shi da nauyi sosai, amma sandunan ba su cika ba.

"Hajiya ƙarama, ai daji za ki, ice ba ya wuya can."

"Ɗaki na zo saye, Mamman, ba saran ice ba."

Ya dube ni, ya dubi hagu da dama kamar mai shirin fito da kayan sumoga, sannan ya zaro wata jaka zagayayya daga ƙarƙashin tebur, faɗinta kamar babban faifai, a shafe. Na karɓa. Wallahi kwanon tuwon Baba ya fi ta nauyi.

"Wannan ba a kafa shi," in ji Mamman. "Jefawa ake yi."

"Jefawa?"

"Ki zare madaurin, ki wurga sama. Kafin shi sauko ƙasa ya zama ɗaki. Babu sanda, babu igiya, babu roƙon kowa shi kama miki."

Na ce ya buɗe in gani. Ya ce a'a, rumfar ta yi ƙanƙanta, zai watsa masa kaya. Na ce mu fita waje. Ya ce ƙura za ta ɓata shi, ga shi ƙal kamar sabo. (Ku riƙe wannan maganar tasa. Ni ban riƙe ba.)

Sai abin shimfiɗa. Ya kawo katifar da ake hurawa da baki, na ƙi. Na ce karangiya ɗaya ta isa ta sace mata iska, in wayi gari a ƙasa. Har yau ina alfahari da wannan tunanin, don shi ne kaɗai mai kyau da na yi a wannan makon. Na ɗauki wata 'yar shimfiɗar roba siririya mai naɗewa. Daga nan ya fito da wani bargo mai zif, an ɗinke shi kamar buhu, a shiga ciki a ja zif har wuya. A jikin jakarsa akwai hoton dutse fari fat da ƙanƙara.

"Sanyin daji ba irin na gari ba ne," in ji Mamman.

Ƙarshen kaka ne fa, da rana ƙarfe ba ya taɓuwa. Amma hoton ya burge ni, kuma bargon yana matsewa ya koma kamar ƙullin gari. Na biya, na fito ina taku ɗaiɗai.

Ranar tafiya muka sauka Badagishiri, muka hau moto, muka ratsa ta gefen garaken albasa, muka hau tudu mai duwatsu. Jakar tantin tana goye a bayana, na zama kamar kunkuru a kan moto. Duk iskar da ta taso sai ta nemi juya mu, direbana yana ta salati. Anti tana gaba da ƙunshinta a cinya, ko waiwaye.

Da la'asar muka isa zangon farko, na Buzaye, a wata gona da aka gama girbe. Ɗakunansu gajeru, na tabarmi da fata, ga awaki, ga raƙuma a gefe suna cin kara. Wata tsohuwa mai suna Tanna ta tarbe mu. Ita ce babba a matan zangon, kuma Hausa a bakinta tsaf. Ta ba mu nono muka sha, ta ce aiki sai da safe in an tara yara. Sannan ta nuna ɗakinta.

"'Yan mata nan suke kwana wurina. Baƙi mata ma haka. Ga wuri, ku aje kayanku."

Anti ta sunkuya ta shiga ta shimfiɗa tabarmarta. Ni na leƙa: 'yan mata a jere, ga 'yar akuya a ɗaure a lungu, ga warin man shanu. Na ja baya.

"Na gode, Inna. Ni na taho da nawa ɗakin."

Tanna ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Naki?"

"Nawa."

Ta juya ta dubi Anti. Anti ta duƙufa tana duba butarta kamar ranar ta fara ganinta. Sai fuskar tsohuwar ta yi laushi. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah sarki, ƙarama da ke. To kafa shi nan, jikin nawa."

Na tsaya a fili, na jira kowa ya juyo, na zare madauri, na wurga.

Fau!

Mamman bai yi ƙarya ba. Kafin abin ya taɓa ƙasa ya zama ɗaki, ruwan lemu ɗau, yana sheƙi a tsakiyar gonar nan kamar an yanko rana an aje. Awaki suka watse. Wata mata ta rangaɗa guɗa, saura suka amsa. Kafin in ankara an jawo turmi, an ɗaure masa jiƙaƙƙiyar fata a baki, an fara kiɗan tande. Mata suka kewaye ni suna tafi, suna waƙa da yarensu, wannan ta riƙe hannuna, waccan ta shafa kaina.

Me kuke jin na ɗauka? Na ɗauka ci gaba na kawo musu. Na shiga fili na taka rawa. Na ɗauki hotuna. Na riƙa kiran mata ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu yadda zif yake, kamar ni na ƙera shi. Har na matsa kusa da Anti na ce, "Kin gani? Da tabarma na kawo wa zai yi mini kiɗi?"

"Babu kowa," in ji ta. "Wannan kiɗin naki ne ke kaɗai."

Kwanan kuwa ba sai na ja ba. Tantin ba ya shan iska ko kaɗan, bargon ƙanƙara kuma ya dafa ni kamar alala a leda. Na fito daga cikinsa na kwanta a kansa, duwatsun gonar suna ƙirga mini haƙarƙari ta cikin 'yar robar nan. Amma kunama ba ta shigo ba, don haka na ce na ci nasara.

Da hantsi na ja zif na leƙo. A bakin ƙofata an aje ƙwaryar nono da cuku a kan faifai, an kuma ɗaure 'yar akuya a jikin madaurin tantin. Can gaba kaɗan, a kan tabarma, maza ne zaune sun kewaye mangal ɗin gawayi ana dafa shayi. Kowa ya sha sabon rawani, ya rufe fuska sai idanu. Wasu ma da gani daga wani zangon suka zo, don ga raƙumansu a durƙushe da sirdi.

Na nemo Anti da sauri. Na ce, "A horo an ce mana maza ne ke wuyar shawo kai. Ga su sun kawo kansu tun ba a kira ba!"

Ta ce, "Ƙwarai. Je ki gaishe su."

Na je kuwa, da farar rigar aiki da gilasiya a kafaɗa. Na gaishe su na zauna a gefe ina yi musu bayanin rigakafi. Babu wanda ya katse ni. Wani dogo a cikinsu, da ake kira Agali, shi ke zuba shayi, kuma duk zubi ni yake fara miƙa wa, da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Na ce a raina, ka ga mutane masu daraja ilimi.

Sai Tanna ta yafito ni. Ta ja ni gefe, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ɗiyata, Agali ɗan ƙanena ne. Ba shi da hayaniya, yana da raƙumansa, hannunsa a buɗe. Akuyar nan shi ya ɗaure. Ba gaggawa yake ba. So yake kawai shi sani, cikin mutunci, ko kin gama idda."

Tsohuwar nan ta yi iya ƙoƙarinta ta rufa mini asiri. Ni na tona abina. Da muryar da ake jina daga wannan bakin gona zuwa wancan na ce:

"Iddar mi?!"

Cokalin shayi ya tsaya. Matan da ke daka suka tsaya. Anti Hadiza ta taso a hankali, tana gyara ɗankwali, ta zo ta tsaya a gabana, ta yi mini karatun da ta ce ba za ta ƙara yi ba.

"A nan, ɗaki na mace ne. Ranar aurenta ake kafa mata shi, in auren ya mutu ta kwashe abinta ta tafi da shi. Budurwa ba ta da ɗaki, wurin tsohuwa take kwana. Macen da ta iso da ɗakinta babu miji, ta kafa shi jikin na tsohuwa, ba sai ta yi bayani ba. Kiɗan jiya na share miki hawaye ne, kuma don masu so su ji su zo. Ga su sun zo."

Na ji kamar an kwara mini ruwan gilasiya a baya. Na ce, "Anti, kin sani kika yi shiru?"

"Ni? Ni da ƙunshina na sakakku, mi na sani?"

Fuskar Baba ce ta faɗo mini. Mutanen nan suna cin kasuwar Badagishiri. Direbobin Baba suna shan shayi a Badagishiri. Muddin abin nan ruwan lemu yana tsaye, shela yake yi. Na ce to, yanzun nan zan sauke shi, magana ta mutu a nan.

Na kwance akuya, na fitar da kayana, na kama tantin. A nan na gane abin da ya hana Mamman buɗe shi a rumfa.

Jikin abin wata waya ce mai tauri a zagaye, wadda ba ta san komai ba sai miƙewa. In na danne nan, can ya tashi. In na haɗa baki biyu, na uku ya mare ni a kunne. Na murɗa, ya warware. Na hau kansa da gwiwa, ya kayar da ni. Na duba jakar ko akwai zanen yadda ake yi, ya goge sai inuwa. Na ciro talho in nemi bidiyo, babu rezo ko ɗigo, layi ya ɗauke gaba ɗaya. Duk wannan a gaban maza masu sabon rawani, waɗanda saboda kunya suka zuba wa butar shayi ido kamar za ta yi magana. Da sun yi dariya ma da ya fi mini sauƙi.

Agali ne ya kasa daurewa. Ya taso ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "In kama miki?"

Maimakon in gode, na daka masa tsawa, "To kama can mana!"

Ya kama. Muka lanƙwasa tare, ya ce in dakata ya gyara riƙo. Ni da jira ba ma shiri. Na ga kamar ya kusa shiga, na saki gefena don in jawo jakar.

Fau!

Wayar ta yi tsalle, ta laƙumi jelar rawaninsa, ta fizge. Rawanin nan ya bi ta yana warwarewa, har ya tashi daga kansa gaba ɗaya ya rataye a saman tantin kamar tuta.

Wanda bai san Buzaye ba ba zai gane girman abin ba. Babban namiji a cikinsu ba ya buɗe bakinsa a gaban manya da mata, ko shayi zai sha ta ƙarƙashin rawani yake kai kofi. Abin da na yi masa daidai yake da a tuɓe wa mutum wando a tsakiyar kasuwa. Tanna ta juya baya. Mata suka juya baya. Maza suka sunkuyar da kai. Ni kaɗai na tsaya baki buɗe ina kallonsa. (Ashe ma yaro ne matashi, har da wushirya. Ba wannan ne zancen ba, amma na gani.)

Bawan Allah ya rufe baki da hannu biyu, ya dubi gabas ya dubi yamma yana neman maɓoya. Fili ne fetal, gonar da aka girbe. Maɓoya ɗaya ce kusa. Ya fizgi rawaninsa ya faɗa cikin tantina, ya ja zif.

Ga ni tsaye da farar riga, ga ɗakina, ga namiji a ciki, ga duk zango shaida. Can bayan ɗakin Tanna wata da ba ta ga farkon abin ba ta rangaɗa guɗa.

Ban san yadda na yi aikin ranar ba, amma na yi. Yara suka jeru, na riƙa ɗiga musu magani ina shafa musu alama a yatsa, idona a kan bakunansu kawai. Uwayensu suna cije leɓe. Da muka gama na je wurin Tanna na ba ta haƙuri, na ce a ba Agali haƙuri, a mayar masa da akuyarsa, tantin kuma na bar musu, su yi abin da suka ga dama da shi.

Ta ce, "Mace ba ta barin ɗakinta, ɗiyata."

Na ce wannan dai ta bari. Na hau moto ban waiwaya ba.

Sauran kwanakin a rabin tabarmar Anti na yi su, cikin gidan sauronta, iska tana ratsa mu, barci mai daɗi. Na roƙi gafararta a kan maganar ƙunshi. Ta ce ya wuce. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ta ce, "Ba za a ji daga bakina ba." Kuma ta cika alkawari, Allah ya saka mata.

Na dawo gida, Baba ya tambayi hanya, na ce lahiya lau. Ya kasa kunne a gari bai ji komai ba. Har ya ce in fara haɗa takarduna. Na fara gwada tafiyar ma'aikatan likita a tsakar gida.

Ranar kasuwa, bayan la'asar, Baba yana ƙofar gida da majalisarsa, ni ina ciki ina tankaɗe, sai na ji hayaniya tana matsowa kamar ana rako ango. Na leƙa ta zaure. Raƙumi ne ke tafe a layinmu, jama'a na biye. A bisa tozonsa an ɗaure wani abu ruwan lemu, a buɗe, yana rangaji. A gaba mai jan akala, dogo, da rawani an naɗe shi tam har da ƙulli biyu. A bayansa 'yar akuya.

Ashe tun daga tasha yake tambaya: ina gidan mai motocin siminti, wanda ɗiyarsa mai rigakafi ta baro ɗakinta a daji? Shi iya abin da ya ce ke nan. Amma kafin maganar ta ratso kasuwa ta iso layinmu, ta zama ɗiyar Alhaji ta yi aure a ɓoye a daji, an sake ta, ga miji ya biyo ta da kayan ɗaki.

Agali ya durƙusar da raƙumi, ya gaida Baba da ladabi. Ya ce Tanna ce ta aiko shi: ɗakin mace ba ya zama hannun baƙi. Ya ce a yi haƙuri da aka kawo shi a buɗe, duk zangon an gwada, har da maƙerinsu, ya ƙi naɗuwa. Akuya kuma kyauta ce, ba a mayar da kyauta. Wani abokin Baba, mai son jin ƙwaƙwaf, ya ce a ba su labarin daga farko. Agali ba ya ƙarya. Ya bayar, tun daga kiɗan tande har shigarsa tanti. Wurin rawani ne kawai ya yi sauri ya wuce.

Majalisa ta kwanta da dariya. Wani har da riƙe ciki yana neman ruwa. Baba bai yi dariya ba. Ya ce a kira ni. Na fito da garin tuwo har gira.

Ya dube ni ya ce, "Yaushe na aurar da ke, har aka sake ki ban samu labari ba?"

Wanda ke neman ruwa ya ƙware.

Na buɗe baki, karo na farko a rayuwata babu abin da ya fito. Na ga Tawa tana tafiya ta bar ni da muciya a hannu.

"Naɗe abin ga," in ji Baba. "Ki kawar mini da shi daga ƙofar gida."

A Ƙonni dai akwai rezo. Na jingina talho a jikin buta, a gaban majalisa da raƙumi da rabin unguwa, na nemo bidiyon wata Baturiya tana naɗe irinsa tana murmushi. Ashe haɗa bakin ake yi, a tsayar da shi, a danna saman a hankali, a jira wayar ta lanƙwashe da kanta kamar gammo. A jira, shi ke nan sirrin. Agali ya ja da baya sosai, hannunsa dafe da rawani. Na danna, na jira. Abin ya kwanta lumui ya shige jakarsa kamar bai taɓa cutar kowa ba.

Baba ya sa aka ba baƙo abinci da masauki, ya yi masa godiya, ya kuma faɗa masa a fili cewa yarinyar karatu za ta yi. Da jama'a suka watse ya kira ni zaure.

"Ki ƙarasa haɗa takardunki. Tawa za ki."

Da mai hankali ce sai ta ce na gode ta tashi. Ni na ce, "Baba, ai ka ce in magana ta riga ni..."

"Na ce. Kuma ba riga ki ta yi ba, bisa raƙumi ta biyo ki. In kin zauna nan, kullum sai an zo ƙofar gidana kallon bazawarar da ba ta taɓa aure ba. Ki tahi can, ko na samu in sha shayina."

Haka na samu Tawa. Ba don na ci gwajin ba, sai don na faɗi shi da ƙarar da Baba ya ga gara a ji ta daga nesa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk abin da mai kaya ya ce miki yana buɗe kansa, ki sa ya naɗe shi a gabanki kafin ki biya. In tsohuwa ta nuna miki wurin kwana, ki aje kayanki a nan, ki tambayi dalili daga baya. Kuma kada ki yi wa ƙunshin kowa dariya, musamman wadda za ki bi daji.

Yanzu aikin daji ya zama nawa, duk kaka ina fita. Kayana tabarma, gidan sauro, zani biyu, buta. Bana aka haɗa ni da wata sabuwar yarinya mai birbe. Ta dubi ƙunshina ta kwashe da dariya, ta ce ita ta sayo wani abu wurin Mamman, ba kafa shi ake yi ba, jefawa ake yi.

Na so in yi mata shiru irin na Anti, wallahi na so. Na daure har bakin garaken albasa. Daga nan bakina ya riga ni, kamar kullum.